Juye a Gida: Abin da Bidiyon TikTok Bai Nuna Maka Ba Kan Canza Filtar Mai

Na san ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan. Kana kwance kana latsa waya, sai ga wani a ƙarƙashin mota: ya kwance noti, baƙin mai ya zubo, ya murɗe filta, ya ɗaura sabuwa, ya ɗaga babban yatsa. Daƙiƙa 40, an gama. Sai ka ce a ranka, "Au, dama iyakar abin ke nan? To ni me ya sa nake ba masu juye kuɗina?"

Da gaskiyarka, aikin ba wani abin tsoro ba ne. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, duk mai mota lissafi yake yi kafin ya fitar da ko sisi. Amma ka sani, kuɗin aikin da za ka rage ba shi ne babbar ribar yin juye da kanka ba. Ribar ita ce ka san ainihin abin da ya shiga injinka. Sannan akwai wuraren da masu bidiyo ke yankewa don kada ya yi tsawo, kuma a daidai nan ne ake asarar inji, wani lokacin ma har da rai.

Mene ne aikin wannan 'yar gwangwanin?

Baƙin mai zagaye yake yi a cikin inji kamar jini a jiki. Yana hana ƙarafa gogar juna, yana rage zafi, yana kuma kwaso datti: ɓurɓushin ƙarfe, baƙin hayaƙi, da ƙurar da ta sulale ta shiga. Filta ce ke tace wannan dattin. A cikinta akwai takarda mai kauri da aka ninke falle-falle. Mai na shiga ta ƙananan hujojin gefe, ya ratsa takardar, ya fita ta babbar ƙofar tsakiya ya koma inji.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Idan filta ta toshe, akwai wata 'yar ƙofa ta ko-ta-kwana da ke buɗewa don kada inji ya rasa mai. Daga nan man zai riƙa wucewa ba tacewa, da dattinsa da komai, kuma babu fitilar da za ta kama a gabanka ta faɗa maka. Motar na tafiya lafiya lau, alhali injin na cin kansa a hankali. Shi ya sa ɗabi'ar nan ta a zuba sabon mai a bar tsohuwar filta, ko a wanke ta da fetur a mayar, ba dabara ba ce. Kamar ka yi wanka ne ka mayar da rigar da ka buga ƙwallo da ita.

Aikin daga kasuwa yake farawa

Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko a Panteka ta Kaduna, ko a shagon unguwarku, ka tafi da lambar filtar motarka, ba sunan motar kawai ba. Filta biyu za su iya kama da juna a ido, amma zarensu ko faɗin robarsu ya bambanta. Kuma iri biyu ne: akwai ta gwangwani wadda ake murɗewa gaba ɗaya a jefar, irin ta Corolla 2003 zuwa 2008, akwai kuma wadda takardar ciki da roba kawai ake canzawa a mayar da murfin, irin ta Corolla da yawa da aka shigo da su daga Amurka ƙirar 2009 zuwa sama. Ita wannan sai da sifana ta musamman mai kama da kofi.

Jabu kuma ya cika kasuwa, wannan ba sai an faɗa maka ba. Idan an ce ga ta kamfani amma farashinta rabin na ko'ina, ka ja da baya. Duba rubutun kwalin, ka ji nauyinta a hannu, ka leƙa ciki ka ga ko aikin na da tsafta. Araha ba ta ado.

Haka ma man. Kar ka ce "ba ni wanda kowa ke sawa". Duba murfin da ake zuba mai ko littafin motar. Idan an rubuta 5W-30 ko 0W-20, kamfanin da ya ƙera injin ya san dalilinsa. Zuba 20W-50 mai kauri a injin da aka yi don siririn mai na sa man ya yi jinkirin kaiwa sama lokacin da ka tayar da mota.

Kafin ka shiga ƙarƙashi

Nan ne maganar rai take, don Allah kar ka tsallake. Jak ɗin da ke but ɗin motarka don canza taya aka yi shi, ba don mutum ya kwanta a ƙarƙashi ba. Ƙaramar mota ma ta haura tan ɗaya. Idan jak ya goce, ba asibiti ake fara tunani ba. Ka nemi ƙafafun ƙarfen nan da ake ɗora mota a kai, ko ka je inda akwai rami. Bulon siminti ba abin dogaro ba ne, farfashewa yake yi ba sallama. Ka tsaya a wuri mai tauri kuma shafaffe, ba kan rairayi ba, ka ja birkin hannu, ka tokare tayoyin baya, kuma a samu wani a kusa da kai.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana (yawancin Toyota lamba 14, Honda lamba 17), abin kwance filta, roba mai faɗi da za ta ɗauki fiye da lita biyar, mazurari, tsumma da safar hannu.

Yadda ake yi

Tayar da motar kamar minti uku zuwa biyar don man ya yi ɗumi ya saki jiki, sai ka kashe. Idan daga doguwar tafiya ka dawo, jira ta huce, don man da ya yi zafi sosai saɓule fata yake yi.

Buɗe murfin mai na sama, ka tara robarka, ka kwance notin da ke ƙasan kaskon mai. Hagu kwancewa, dama ɗaurewa. Amma ka tabbata notin inji ka kama, ba na giya ba, don a motoci da yawa maƙwabtan juna ne. Idan ka ga mai ja-ja na fitowa, maza ka mayar, ba shi ba ne.

Idan man ya gama tsiyayewa, mayar da notin da sabuwar washa. Ɗaure shi ya kama, amma ban da nuna ƙarfi. Idan zaren ya cinye, ka jawo wa kanka aikin da ya ninka kuɗin juye sau da yawa. Garin neman gira ke nan an rasa ido.

Yanzu matsa robar ƙarƙashin filta ka kwance ta, mai zai ɗan zubo. To ga wurin da ya fi kowane muhimmanci: duba bakin tsohuwar filtar, baƙar robarta ta fito tare da ita? Wani lokaci takan manne a jikin inji. Idan ka ɗora sabuwa a kan tsohuwar roba, suka zama biyu, da farko ba za ka ga komai ba. Sai kana kan titi matsin mai ya ture su, man ya tsiyaye cikin ɗan lokaci, injin ya buga. Duba na daƙiƙa biyar ne ke raba ka da sayen inji.

Goge wurin da tsumma, ka dangwali sabon mai da yatsa ka shafa wa robar sabuwar filta. Murɗa ta da hannu har robar ta taɓa jikin inji, sannan ka ƙara kamar kashi uku cikin huɗu na zagaye ɗaya. Da hannu fa, ba da sifana ba.

Sai zuba mai. Ƙananan motoci irin su Corolla kusan lita huɗu suke sha, amma littafin motarka ne alƙali. Rufe murfin, ka tayar. Jar fitilar nan mai kama da butar shayi ya kamata ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi. Idan ta ƙi, kashe motar nan take. Leƙa ƙasa ka ga ko akwai ɗiga, ka sauke motar, ka jira minti biyar, sannan ka zaro geji. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyun nan. Wuce gona da iri ma illa ne, don man kumfa yake yi ya kasa aikinsa.

Bayan an gama

Tsohon man kuma kar ka antaya shi a kwata ko bayan gida. Abin da ya shiga ƙasa, wata rana rijiyar unguwarku zai leƙa. Juye shi a galan ɗin da ka zazzage, ka kai wa masu juye ko gareji, akwai masu karɓa. Ka kuma wanke hannu da sabulu, don yawan zaman tsohon mai a fata na da illa.

Ɗauki hoton lambar da ke kan mita ka ajiye a waya da kwanan wata. Da irin ƙurar hunturunmu, zafin bazara da cunkoson cikin gari, kilomita 5,000 ma'auni ne mai kyau ga man gama-gari. Kuma ka lura, motocin da aka shigo da su daga Amurka da mil suke ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Idan ka jira mita ta ƙara 5,000, ka riga ka yi kilomita 8,000.

Karon farko, ka yi tare da wanda ya iya. Idan kuma motar Baba ce, malam, nemi izini tukuna. Ko da a ƙarshe ka ga gara ka ci gaba da zuwa wajen mai juye, babu laifi, shi ma sana'arsa ce. Sai dai daga yau ka daina miƙa makulli ka koma gefe kana danna waya. Tsaya a kansa, a buɗe galan a gabanka, ka ga sabuwar filta ta hau, ka kuma ce, "Oga, nuna min tsohuwar robar." Haka ke ma 'yar'uwa mai mota, wannan tambayar ba ta maza kaɗai ba ce.