Masanin Annoba da Aikinsa

Ɗalibi, ka san aikin likita: yakan duba majiyyaci ɗaya, ya ba shi magani. Masanin annoba kuwa, al'umma gaba ɗaya ce majiyyacinsa. Idan cuta ta ɓulla, tambayoyi uku yake yi: su wa ta kama, a ina, kuma yaushe?

A ɗauka yara da dama sun kamu da amai da gudawa a unguwar Fezzan ta Maiduguri. Masanin zai bi gida-gida yana rubuta shekarun kowane majiyyaci, da ranar da ciwon ya fara, da inda gidan yake samun ruwan sha. Daga nan sai ya kwatanta waɗanda suka kamu da waɗanda ba su kamu ba. Idan yawancin marasa lafiyar daga rijiya ɗaya suke sha, alhali masu lafiya suna ɗibar ruwa a wani wuri, to ya gano bakin zaren. Ta irin wannan hanya Likita John Snow ya gano famfon da ya yaɗa kwalara a Landan a 1854.

Jihar Borno ta ga amfanin wannan aiki. A 2016 an sami yara masu cutar shan-inna a Jere da Gwoza. Masana suka bi sawun cutar, aka tsananta rigakafi, har a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da ainihin ƙwayar cutar daga Afirka. Abin da aka gano a ƙauye ɗaya yakan amfani duniya duka, domin cuta ba ta san iyakar ƙasa ba.

In kana sha'awar wannan sana'a, ka dage da lissafi da kimiyya. Bayan digiri a fannin likitanci ko wani fannin lafiya, sai ka ƙara karatu a kan lafiyar al'umma. Ka kuma riƙe Hausarka da kyau: uwar da ba ta fahimci tambayarka ba, ba za ta ba ka amsar da za ta ceci ɗanta ba.

Tambayoyi
1. Mene ne bambancin likita da masanin annoba?
2. Don me ake kwatanta masu lafiya da marasa lafiya?
3. Me ake nufi da "gano bakin zaren"?