Tsibirin Man: Inda Tsofaffin Motoci Ba Su Zama Bola

Tsibirin Man yana cikin teku tsakanin Ingila da Ailan, mutanensa kuwa ba su wuce dubu 85 ba. Duk da ƙanƙantarsa, da wuya a sami wurin da ya riƙe tsofaffin ababan hawansa kamar shi. Jirgin ƙasa mai tururi ya fara aiki a can a 1873, na lantarki a 1893, kuma har yau suna ɗaukar fasinja lokacin zuwan baƙi.

Jiragen nan dai hukuma ke kula da su. Motocin safa da manyan motocin kaya ba su sami wannan gata ba. Da zarar mota ta gama aiki, makomarta ita ce hannun masu sayen tsohon ƙarfe, ko kuwa a bar ta a fili iskar teku mai gishiri ta cinye ta da tsatsa. Wannan ne ya sa wata ƙungiyar ƴan sa-kai mai suna Manx Transport Trust ta buɗe gidan tarihin sufuri a ƙauyen Jurby, arewacin tsibirin, a 2010. Ginin kansa tsohuwar rumfar jiragen sama ce ta sojan Ingila, tun zamanin yaƙin duniya na biyu.

A ciki akwai safa masu launin rawaya na hukumar birnin Douglas, da jajaye na kamfanin da ke zagaya ƙauyuka, waɗanda aka haɗe su wuri guda a 1976. Masu aikin ba su da albashi. Su ne makanikai, su ne masu fenti, su ne masu shara da tarbar baƙi. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa neman kayan gyaran motar da aka daina ƙerawa ya san nauyin wannan aiki: abin da babu shi a kanti, sai a ciro daga jikin wata matacciyar mota, ko a ƙera shi da hannu.

A garin Peel ma akwai wani ƙaramin gidan tarihi na ƴan sa-kai, inda aka ajiye P50, motar da aka ƙera a garin daga 1962 zuwa 1965. Ƙafarta uku, ƙofarta ɗaya, nauyinta kilo 59. Ba ta da giyar baya. In direba zai juya, sai ya sauka ya kama mariƙin da ke bayanta ya ja ta. Kimanin 50 kawai aka yi, kowace a kan fam 199. A 2016 an sayar da ɗaya a Amurka dala dubu 176.

Kada mai karatu ya ɗauka abin da ke hannun hukuma ya tsira ke nan. A 2016 ɗin nan ne hukumar birnin Douglas ta ce ta gaji da asara, za ta daina tafiyar da taragon da dawaki ke ja a bakin teku tun 1876. Sai da jama'a suka ɗaga murya, sannan gwamnatin tsibirin ta karɓi aikin.