Ajiyar Da Ba Ta Buɗuwa Ranar Buƙata

Da yammacin Juma'a, a ofisoshin Sakatariyar Tarayya, akan ga ma'aikaci ya soka filashi a kwamfuta yana kwafe fayiloli, alhali Outlook ko manhajar lissafi tana buɗe. Sai ya tafi gida hankali kwance, bai san gurgun kwafi ya ɗauka ba.

Dalili kuwa, manhajar da ke aiki ba ta daina rubutu don ana kwafe ta. Idan kwafin ya faro da ƙarfe 4:00 ya ƙare da 4:03, duk abin da ya sauya a tsakani zai sa farkon fayil ya saɓa wa ƙarshensa. Rumbun bayanai irin SQLite, wanda ke cikin wayoyi da Firefox, yakan fara ajiye sabon canji a wani fayil na gefe mai suna WAL. Wanda ya kwafi babban fayil ya bar na gefen, ya bar aikin baya-bayan nan.

Maganin shi ne a rufe manhaja kafin kwafi, ko a yi amfani da VSS na Windows, mai ɗaukar hoton faifai a lokaci guda, ko pg_dump ga rumbun PostgreSQL.

Sannan a riƙa gwada buɗe ajiyar. A ranar 31 ga Janairu, 2017, kamfanin GitLab ya rasa bayanan kimanin sa'o'i shida, bayan ya tarar hanyoyin ajiyarsa ba sa aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya.