Lokacin Annoba: Yaro Ya Tafi Makaranta Ko Ya Zauna Gida?

A ƙarshen shekarar 2019 wata sabuwar cuta ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Sunanta korona. Tana kama hanyar numfashi, tana kuma yaɗuwa ta tari da atishawa da cunkoson jama'a. A watan Fabrairu na 2020 aka sami mutum na farko mai ɗauke da ita a Nijeriya, a birnin Legas. Cikin watan Maris gwamnati ta ba da umurni a rufe makarantu.

A watan Agusta aka bar 'yan ajin ƙarshe na sakandare suka koma don rubuta jarrabawa. Sauran yara kuwa, a jihohi da yawa sai wajen watan Oktoba. Ke nan sun yi fiye da wata 6 ba su shiga aji ba. Ko da aka buɗe makarantu, wasu iyaye sun yi ta shakka. A tura yaro ne, ko a riƙe shi a gida?

A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar cewa korona ta fita daga matakin gaggawa. Amma tambayar tana nan, domin akwai ƙyanda da sanƙarau, ga kuma mashaƙo wanda ya addabi Kano a 2023.

Amfanin zama a gida

Aji wuri ne na cunkoso. Yara suna zama kafaɗa da kafaɗa, suna shan ruwa da moɗa ɗaya. Idan ɗaya ya kamu, nan da nan sai ya shafa wa saura. Korona ba ta cika kwantar da yara ba, ta fi tsanani ga tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini. To, amma yaro yana iya ɗauko ta ya kai wa kakarsa. Ƙyanda da mashaƙo kuwa yaran ne suka fi kashewa.

Hasarar zama a gida

A 2020 jihohi kamar Kano da Kaduna sun riƙa ba da darussa ta rediyo da talabijin. Wasu makarantun birni sun koyar ta wayar hannu. A ƙauye kuwa, sau da yawa ba lantarki, ba babbar waya. Rediyo ma ɗaya ne a gida, kuma yana tare da maigida a gona ko kasuwa.

Yaron da ya daɗe bai buɗe littafi ba yakan manta abin da ya koya. Babbar hasara ita ce rashin komawa. Da an ga yaro zaune sai a tura shi kiwo ko gona. Yarinya kuma a ɗora mata talla, ko a fara zancen aure. Annoba ta wuce, su kuwa karatunsu ya tsaya ke nan.

Yadda za a yanke shawara

Idan hukuma ta rufe makaranta, sai a bi doka. Idan a buɗe take, uba ko uwa su je su gani da idonsu, su duba abubuwa huɗu:

1. Akwai ruwa da sabulun wanke hannu?
2. Ajin yana da tagogi a buɗe, iska na shiga?
3. An rage cunkoso, ko an raba yara wasu da safe wasu da rana?
4. Malamai suna mayar da yaro marar lafiya gida?

Idan waɗannan sun samu, kuma yaro lafiyarsa ƙalau, an yi masa allurar rigakafi, zuwa makaranta ya fi masa amfani. Amma yaro mai zazzaɓi, ko tari, ko ƙuraje, ko ciwon maƙogwaro, kada ya je. A kai shi asibiti. Mai sikila ko asma kuma, a nemi shawarar ma'aikacin lafiya tukuna.

Idan yaro zai zauna gida

Zaman gida ba hutu ba ne. A tsayar da lokacin karatu kullum, ko da awa ɗaya ce bayan sallar la'asar. A shimfiɗa tabarma a inuwa, a ba shi littafinsa da fensir. A san lokacin darasin rediyo, a ajiye batir dominsa. Yayansa ko yayarsa su riƙa yi masa bita. Uwar da ta iya karatu, ko da a ajin manya ta koya, tana iya sauraron ɗanta yana haɗa baƙi. Lissafi kuma ana iya koyar da shi da tsakuwa ko ƙwayar wake.

A tuna, hana yaro makaranta ba shi da amfani idan zai yini a kasuwa ko gidan biki. Cutar da ake gudu a aji tana can ma.

Daga ƙarshe, maigida ya sanar da hedimasta dalilin da ya sa ya riƙe ɗansa, don kada a cire sunansa daga rajista. Ranar da aka ce annoba ta lafa, a mayar da kowa aji, mace da namiji.