Dalilin Zaman Gawo da Gero a Gona Guda

Halitta iri biyu masu neman abinci guda, a wuri guda, a lokaci guda, ba su daɗewa tare, gama mai ƙarfi yakan kore ɗayan. Wani masanin Rasha, Gause, ya gwada haka cikin 1934 da ƙananan halittun ruwa.

A gonakin Tambuwal da Kebbe, dogon yaro yakan tare wa gero rana, ya shanye masa ruwa, geron ya tsumbure. Amma gawo yakan kakkaɓe ganye da damina, ya toho da rani, saiwarsa kuwa can ƙasa take sha. Saboda haka ba su tsere wa abinci guda, ganyensa ma taki ne.

Ya kamata hakimai su gargaɗi talakawa kada su sare gawo.