Kuɗin Tsaron Makarantu: Daga Abuja Zuwa Saji, Ina Suke Maƙalewa?

A ƙarshen watan Fabrairun 2021, kwana ɗaya ko biyu bayan an kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe ta jihar Zamfara, gwamnatin Kano ta rufe makarantun kwana goma da ke wajen birni, ciki har da na Sumaila da Albasu da Kachako da Kafin Maiyaki. Ba a tsaya nan ba, aka haɗa da wasu manyan makarantu, har da makarantar koyon fasahar karkara da sana'o'i da ke Rano. Babu wanda ya taɓa ɗalibi ko ɗaya a waɗannan wurare. Gemun maƙwabci ne ya kama da wuta, aka shafa wa namu ruwa. Amma tun daga wannan lokaci maganar katanga da maigadi da ƙofar ƙarfe ta shiga bakin kowane hedimasta da kowane kwamitin makaranta a kudancin Kano, daga cikin garin Rano har mazaɓar Saji da ƙauyukan Kibiya. Tare da ita kuma sai wata sabuwar ɗabi'a ta kafu: neman tallafi. Wa zai ba mu? A ina ake cike fom? Wace ƙungiya ce ta shigo jiha?

Tsoron ba na banza ba ne. An sace ɗalibai a Chibok a Afrilun 2014, Dapchi a Fabrairun 2018, Ƙanƙara a Disambar 2020, sai Kagara da Jangebe da Tegina da Birnin Yawuri duk a cikin 2021, Kuriga a Maris ɗin 2024, ga Maga ta jihar Kebbi da Papiri ta jihar Neja a Nuwambar 2025. Mutumin Rano kuma ya san dajin Falgore ba nisa, ya san ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun taɓa mayar da shi maɓoya. Sai dai tsoro kaɗai ba ya bayyana dalilin da ya sa aka koma kallon waje. Dalili na biyu shi ne makarantar gwamnati ba ta da kuɗin kanta. An ce ilimi kyauta ne, an hana karɓar kuɗi a hannun iyaye, abin da ake turo wa hedimasta na gudanarwa kuwa, idan ma ya zo, alli da rajista yake saya. Na uku, shekaru kusan ashirin na ayyukan ƙungiyoyin waje sun koya wa kwamitocin makarantu cewa akwai hanyar da kuɗi ke shigowa kai tsaye asusunsu. Shirin ESSPIN na Birtaniya, wanda aka fara a 2008, ya horar da kwamitoci a Kano. A 2015 aka kawo shirin NIPEP mai dala miliyan 100 ga jihohin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa da Sakkwato, wanda ya riƙa bai wa makarantun firamare ƙananan kuɗaɗe su yi gyara da kansu. Wanda ya taɓa ɗanɗana wannan ba zai daina leƙen hanya ba.

To kuɗin tsaron kansu fa? A takarda suna da yawa. Kusan wata guda bayan Chibok, a taron tattalin arzikin duniya da aka yi a Abuja a Mayun 2014, tsohon Firaministan Birtaniya Gordon Brown ya ƙaddamar da shirin kare makarantu; manyan 'yan kasuwa suka yi alkawarin dala miliyan 10, gwamnatin tarayya ta ce za ta ɗora irinsu. Wannan shiri ya fi mayar da hankali kan Borno da Yobe da Adamawa. A 2015 Najeriya ta shiga yarjejeniyar kare makarantu ta Oslo, a 2021 ta fitar da manufar ƙasa da mafi ƙarancin sharuɗɗan da ya kamata kowace makaranta ta cika, ta kuma karɓi baƙuncin taron duniya kan batun a Abuja. A Disambar 2022 ministar kuɗi ta lokacin, Zainab Ahmed, ta ƙaddamar da tsarin samar da kuɗin tsaron makarantu na 2023 zuwa 2026, naira biliyan 144.8, aka sa biliyan 15 a kasafin 2023. A farkon 2023 kuma aka buɗe cibiyar kai ɗauki ga makarantu a hedikwatar Sibil Difens.

A nan ne mai karatu ya kamata ya dakata. Wannan kuɗi ba a tsara shi don hedimasta ya rubuta takarda ya nema ba. Hukumomin tsaro da ma'aikatu ne ke karɓa, a sayi motoci da kayan sadarwa, a horar da jami'ai, a yi taruka. Wasu daga cikin waɗannan ayyuka suna da amfani, ban musa ba. Amma makarantar firamare a Saji ba ta da ƙofar da za ta ƙwanƙwasa a cikin biliyan 144.8 ɗin nan. Ga shi kuma lissafin an yi shi ne lokacin da dala ke ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati. Bayan cire tallafin mai da sakin naira a tsakiyar 2023, dala ta ninka sau uku, buhun siminti ya ninka, kuɗin suka zaizaye tun kafin su fito. Rahoton da UNICEF ta fitar a Afrilun 2024, shekara goma cif bayan Chibok, ya nuna kashi 37 cikin ɗari ne kawai na makarantun da aka duba a jihohi goma ke da wani tsari na gane haɗari kafin ya iso. Sai da aka sake yin Maga da Papiri sannan Majalisar Dattawa ta kafa kwamitin binciken inda kuɗin suka tafi. Ihu bayan hari ke nan.

Ƙofofin da ƙaramar makaranta za ta iya shiga wasu ne daban, kuma abin mamaki, babu wadda aka rubuta wa "tsaro" a goshi. Akwai kuɗin hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, wadda dokar 2004 ta ware wa kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason daidai da na tarayya kafin ta ɗauka, kuma shekara da shekaru biliyoyin naira kan kwanta a Abuja saboda jihohi da dama sun kasa ajiyewa. Idan kuɗin sun fito, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ce ke tsara wace makaranta za a yi wa aji, wace za a kewaye. Akwai kuma wani reshe na UBEC ɗin da ke bai wa kwamitin makaranta kuɗi kai tsaye, da sharaɗin jama'ar gari su kawo nasu gudummawar, ko da yashi ne ko ƙwadago. Ga sakandare akwai shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince wa dala miliyan 500 a 2020 don jihohi bakwai har da Kano, ya ƙara miliyan 700 a 2023. Shi ma yana tura kuɗin gyara zuwa asusun kwamitoci. Mutane na kiransa tallafi, amma bashi ne mai sauƙin ruwa, kuma yaran da ke zaune a azuzuwan yau suna cikin masu biya. Sai ayyukan mazaɓu na 'yan majalisa, da kwamitin CRC na ƙananan hukumomi da ake gyaran makarantu ta hannunsa, da ƙananan kyaututtukan ofisoshin jakadanci irin na Japan, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da attajirin gari idan Allah ya sa an dace da mai kishi.

Duk waɗannan ƙofofi abu ɗaya suke tambaya: takarda. Kwamiti mai rai da ke zama yana rubuta abin da ya tattauna. Asusun banki da sunan makaranta, da masu sa hannu. Tsarin ci gaban makaranta. Adadin yara, maza nawa mata nawa. Hoton bangon da ya tsage. Ƙiyasin bulo da siminti da kuɗin magini. Rasit na abin da aka kashe a baya. Wannan shi ne sakamako na farko na ɗabi'ar neman tallafi, kuma a ganina shi ne mafi nauyi: kuɗin suna bin wanda ya iya rubutu ne, ba wanda ya fi shiga haɗari ba. Makarantar cikin gari tana da tsohon ɗalibi darakta a ma'aikata, tana da malamin da ya iya kwamfuta, tana bakin titin da baƙi ke bi idan sun zo duba aiki. Makarantar da ke ƙarshen burji, wadda malamai uku ke riƙe da azuzuwa shida, kwamitinta sunaye ne a takarda: dagaci, liman, wata dattijuwa da aka sa don a cike gurbin mata. Ranar da sanarwa ta iso hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wa'adin mako biyu ne. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka waɗanda suka samu bara su ne za su sake samu bana.

Sakamako na biyu shi ne kowa ya koma son katanga. Dalilin a fili yake: ana ganinta, ana ɗaukarta hoto, ana rubuta sunan mai bayarwa a jikinta, ɗan kwangila kuma yana samun nasa. Bari mu yi lissafi. Filin makaranta mai tsawon mita 200 da faɗin mita 100 kewayensa mita 600 ne. Katanga mai tsayin mita biyu za ta ci bulo wajen dubu goma sha biyu, ban da tushe da ginshiƙai da rodi da ƙofa. Wannan ya fi ƙarfin yawancin ƙananan tallafin da ake bai wa kwamitoci, shi ya sa ake yawan ganin katangar da aka yi gaba aka bar baya, ko wadda aka tsuke siminti damina biyu ta kwantar da ita. Kuma tarihi bai nuna katanga na tare 'yan bindiga ba. Makarantar Ƙanƙara tana da ita. Ta kanta ma yara da dama suka tsallaka suka tsira. A Maga, gwamnan Kebbi da bakinsa ya nemi a binciki dalilin janye sojojin da aka girke jim kaɗan kafin maharan su iso. Abin da ya yi ƙaranci a waɗannan wurare shi ne labari ya isa da wuri, a kuma sami mai amsawa.

Kada a ɗauka raina katanga nake yi. A ƙauye tana da aikin da ba a faɗa a takardar neman tallafi: tana hana dabbobi da masu babur ratsa fili, tana hana a mayar da azuzuwa makewayi ko matattarar 'yan shaye-shaye da dare, tana hana maƙwabta cin iyaka kunya ɗaya-ɗaya har filin ƙwallo ya zama gona. Uba kuma ya fi sakin jiki ya bar 'yarsa da ta fara girma ta ci gaba da zuwa idan akwai katanga da banɗakin mata mai ƙofa. Matsalar ita ce ana neman ta da sunan 'yan bindiga, sai sauran haɗurran su ɓace a lissafi. A Nuwambar 2015 gobara a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana ta yi ajalin ɗalibai bakwai. Wata yarinya 'yar shekara biyar da kisanta ya girgiza Kano a farkon 2022, mai makarantarsu ne ya sace ta, ba baƙo daga daji ba. A makarantar jeka-ka-dawo ta karkara, abin da ya fi kusa da yaro kullum shi ne kwanon da iskar farkon damina ke yayewa, da bangon da ya rabu, da rijiya marar murfi, da rafin da ake tsallakawa a watan Agusta, da hanyar da yarinya ke bi ita kaɗai a cikin dawa. Gwamna Abba Kabir Yusuf, ranar da ya ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a Yunin 2024, ya ce yara miliyan 4.7 ne ke zama a ƙasa a makarantun jihar. Inda babu benci, tukunyar kashe gobara sai a mafarki. Duk da haka ba zan ce makarantar rana ta tsira daga mahara ba: yaran Kuriga da safe aka kwashe su bayan taron asambili, na Tegina kuma a Islamiyya suke.

Akwai alheri a cikin lamarin, kuma ya kamata a faɗe shi. Inda kuɗi suka shiga asusun kwamiti, jama'ar gari suka sa ido, aikin yakan fi na ɗan kwangilar birni araha da ƙwari, don maginin ɗan gari ne, 'ya'yansa ma a nan suke karatu. Tilascin rubuta tsari ya sa wasu garuruwa sun zauna karon farko sun ƙirga yaransu, sun auna filinsu, sun san iyakarsa. Amma akwai abin da aka yi asara. Garin da a da yake tashi aikin gayya ya yi yaɓe ya dasa shingen aduwa ko na ceɗiya, yanzu yakan ce a jira ƙungiya. Ƙungiyoyin kuwa hannunsu na janyewa: a 2025 Amurka ta rushe hukumar agajinta ta USAID, Birtaniya ta sanar da rage kuɗin agajinta zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na arzikin ƙasarta. Wanda ya jingina da wannan bango ya fara jin yana motsi.

Sai abin da babu tallafin da ke biya, wato albashin maigadi. Mai bayarwa yana son abin da za a gama a buɗe a yanka ƙyalle. Ba ya son abin da za a riƙa nema duk ƙarshen wata. Don haka za ka tarar da ƙofar ƙarfe sabuwa, da ɗakin maigadi sabo, babu kowa a ciki, ko kuwa wani dattijo ne da malamai ke haɗa masa ɗan abin goro daga aljihunsu. Haka katin wayar da zai kira 'yan banga da shi, da batirin fitilar sola idan ya mutu, da man babur ɗin da zai kai labari ofishin 'yan sanda a Rano. Waɗannan na kasafin jiha da ƙaramar hukuma ne. Kano ta ware wa ilimi kusan kashi 30 cikin ɗari na kasafinta a 2024, ta ɗan haura haka a 2025, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Abin da kwamitin makaranta a Saji ko Kibiya ya kamata ya tambayi kansilansa da ɗan majalisarsa shi ne, a cikin wannan kaso, nawa ne aka rubuta wa masu gadin makarantun ƙauye, kuma a wane wata ake biyansu.