Hanyar Damargu da Dabarar Ware wa Bas Hanyarta

Duk wanda ya tashi daga Damagaram ya fuskanci arewa zuwa Tanut, tafiyar kilomita kusan 140, hanya ɗaya ce gabansa, watau hanyar ƙasa mai lamba 11 wadda ta zarce har Agadas. A da ayarin raƙuma ne ke bin wannan ƙasa domin sayen geron Damargu. Amma tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ kusa da Bakin Birji a shekarar 2011, sai tankokin mai suka shigo cikin sahu, suna haɗa kwalta ɗaya da motocin fasinja, da kabu-kabu, da amalanken shanu. Ranar kasuwa kuwa, mai ɗauke da mara lafiya zuwa asibiti shi ya san tsawon jiran.

Manyan biranen duniya sun daɗe suna neman maganin cunkoso. A birnin Essen na Jamus, a 1980, aka fara gwada wata dabara: a zuba wa bas hanyar siminti tata ita kaɗai, mai dakali hagu da dama, sa'an nan a ɗaura ƙananan ƙafafu a kwance kusa da tayoyinta na gaba. Ƙafafun nan su ke bin dakalin suna juya motar, direba ba ya kama sitiyari, aikinsa ba da wuta da taka birki. In hanyar ta ƙare, sai bas ta sauka kan kwalta ta shiga unguwanni kamar kowace mota, abin da jirgin ƙasa ba ya iyawa. Birnin Adelaide na Ostireliya ya buɗe tasa a 1986, ta kai kilomita 12, Cambridge ta Ingila kuma a 2011.

To, ko wannan za ta yi a Damargu? Da wuya. Dakalin da ke riƙe motar shi ne zai riƙe rairayi, iskar hunturu ta kwana biyu ta isa ta cike shi. Ga tsadar siminti, ga kuma ƙarancin fasinja, domin Tanut ba Ikko ba ce. Mutumin Belbeji, wadda ta zama gunduma a 2011, damuwarsa ma ba cunkoso ba ce, samun motar da za ta fito da shi bakin kwalta da damina ce.

Abin ɗauka a ciki shi ne rabon hanya. Ikko ta yi haka a 2008 ba tare da ƙafafun gefe ba, ta shata wa bas layinta da dakali kurum. Dakar ta bi sahu a 2024 da motoci masu aiki da lantarki. A Bakin Birji da Tanut ƙaramin aiki zai wadatar: filin tsayawar tankoki a bayan gari, tasha mai tsayayyen lokacin tashi, da hanyar amalanke a gefen kwalta.